Garke, Turke, Shinge da Akurki: Makwancin Dabbobi da Lafiyar Gidanka

Mai karatu, wannan darasi a kan wuraren da muke ajiye dabbobi ne, da sunayen da muke kiransu da su. Kana iya tambaya, me ya haɗa asibiti da sunan makwancin akuya? Abin da ya haɗa su shi ne, idan ka kawo yaro ba shi da lafiya, ma'aikacin asibiti yakan tambaye ka inda dabbobinku suke kwana. Idan ka ce “a gida”, bai fahimci komai ba. Idan ka ce “a turke, a ƙofar ɗakin da yara suke kwana”, ka ba shi rabin amsar da yake nema.

Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu. Wasu sun zo tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin auduga ya jawo wasu da yawa zuwa Jazira. A tsawon wannan zama Hausarmu ta gauraya da Larabci, har kalma ɗaya ta “zariba” ta so ta haɗiye sauran. To, kowace kalma ta Hausa da abin da take nufi, kuma kowane irin makwanci da irin cutar da yake iya jawowa.

Garke

Asalin ma'anar garke ita ce tarin dabbobi masu kiwo tare. Ana cewa garken shanu, garken tumaki, garken awaki. Daga nan sai sunan ya koma kan wurin da suke kwana, shi ya sa za ka ji an ce “je ka garke ka tatso nono”. Kada ka haɗa shi da garka. Garka ƙaramin lambu ne da aka kewaye a bayan gida. Wurin da makiyaya suka sauka da shanunsu suka zauna shi ne mashekari. Igiyar da ake jera maruƙa a jikinta da dare kuwa ita ce dangwali.

A garke ake tatsa, a garke dabbobi suke haihuwa. Cututtuka biyu masu nauyi suna bin waɗannan hanyoyi.

Ta farko ita ce wadda makiyaya suke kira bakkale a jikin shanu. A asibitocin Sudan za ka ji ana ce mata “humma malɗiyya”, wato zazzaɓin Malta. Alamarta a garke ita ce ɓari: saniya ko akuya ta zubar da ciki, wani lokaci mahaifa ta ƙi fita. Mutum yana ɗaukarta ta shan ɗanyen nono, ko ta taɓa ɗan da aka yi ɓarinsa da ruwan haihuwa da hannu tsirara. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi. Mutane da yawa sukan sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu sau uku, ba su ga sauƙi ba. Idan haka ta same ka, ka gaya wa likita cewa kana kiwo, ka kuma gaya masa in an yi ɓari a garkenka. Akwai gwajin jini. Maganin iri biyu ne ake haɗawa, ana sha har mako 6. Wanda ya bari a tsakiya, cutar takan dawo masa.

Ta biyu ita ce zazzaɓin Rift Valley. An fara gane shi a ƙasar Kenya a 1931. Dattawa da yawa suna tune da ƙarshen daminar 2007, lokacin da ya ɓarke a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ya kashe mutum fiye da 200. Yakan zo ne bayan ruwa mai yawa, sa'ad da sauro ya cika ko'ina. Dabbobi ne suke fara nuna shi. Tumaki da awaki masu ciki su yi ta ɓari a lokaci ɗaya, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Sauro yana iya kai shi ga mutum, amma hanyar da ta fi yawa ita ce taɓa jini da nama da mahaifar dabba mara lafiya. Saboda haka mahauta da makiyaya da mata masu gyaran nama su ne a gaba wajen kamuwa. Yawancin waɗanda suka kamu zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya wuce. Wasu kaɗan yakan taɓa musu ido, ko ƙwaƙwalwa, ko ya sa su zubar da jini, kuma wannan na ƙarshe yana kisa.

Mun san asarar dabba da zafi. Idan tunkiya ta kwanta, abin da yake zuwa a zuciya shi ne a yi maza a yanka kafin ta mutu. A lokacin da ɓari ya yawaita a gari, wannan wuƙa tana iya zama sanadin ajalin mai gida. Ka bar ta, ka sanar da malamin dabbobi.

Ga abin da za ka riƙe game da garke. A tafasa nono kafin a sha, kafin kuma a yi kindirmo da shi. Idan za ka taimaki dabba mai haihuwa, ka sa hannunka cikin leda in ba ka da safar hannu, ka wanke da sabulu bayan ka gama. Ɗan da aka yi ɓarinsa da mahaifa a binne su cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki ko kaɗan.

Turke

Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ƙasa a ɗaure dabba. Ana cewa turken jaki, turken doki, kuma ragon da ake kiwatawa don layya ana ce masa ragon turke. Ɗakin da aka gina don doki shi ne barga. Abin da ake zuba wa dabba dusa ko ruwa a ciki shi ne komi. Shi turke ba ya motsi.

Rashin motsin nan shi ne matsalarsa. Dabbar garke tana fita kiwo ta bar kashinta a daji. Dabbar turke kuwa nan take ci, nan take fitsari, nan take kashi, kuma galibi a tsakar gida ne, kusa da murhu, kusa da randa, inda yaro mai rarrafe yake wasa. Ƙasar da ke gindin turke kullum a jiƙe take. A nan ƙuda yake ƙwai. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ƙudan da ya tashi daga nan shi ne zai sauka a kan tuwo, da bakin jariri, da idon yaro. Ta haka gudawa da ciwon ido suke zagaya gida.

Ka ga ke nan wanda yake share gindin turke sau ɗaya a wata yana kiwon ƙuda ne tare da ragonsa. A share kowace safiya. A kwashe kashin a kai ramin taki a bayan gida, a rufe da ƙasa ko toka. Takin da aka tara aka rufe yakan yi zafi a cikinsa, zafin ya kashe ƙwan ƙuda da na tsutsa. Bayan 'yan watanni sai ka kai shi hawasha, ya amfane ka.

Akwai wata cuta kuma da take ɓoye cikin ƙasar da ta gauraya da kashin dabbobi, ita ce sarƙe-haƙora. Ƙwayarta tana iya zama cikin ƙasa shekaru. Tana shiga ta rauni: ƙusa, ƙaya, ko sara. Muƙamuƙi ya ƙage, jiki ya sandare. Jariri yana kamuwa ta cibiya idan an yanke ta da abu mara tsabta, ko an shafa mata toka ko ƙasa ko kashin shanu. Sai ka ga jaririn da yake shan nono lafiya ya daina kama mama a cikin makonni biyun farko. Uwar gida, allurar rigakafi da ake yi miki lokacin awon ciki ita ce take kare ki da jaririnki daga wannan. Kada ki bari ta wuce ki. Kai kuma mai gida, in ƙusa ta soke ka a wurin dabbobi, ka wanke raunin da ruwa da sabulu, ka zo asibiti a ranar.

Ruwan komi ma a lura da shi. Sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwana, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 ya zama mai cizo. A zubar da ragowar ruwa a wanke komin duk bayan kwana biyu ko uku. Sauron da yake kawo zazzaɓi a Jazira yana cizon shanu yana cizon mutum. Idan ka shimfiɗa angarib ɗinka kusa da turke don gadin dabba, ka kai kanka inda yake taruwa. In tilas ne ka kwana a can, ka ɗaura gidan sauro.

Shinge, danga da zariba

Shinge shi ne duk abin da aka kewaye wuri da shi don kada a shiga ko a fita. Idan da karan dawa aka yi, danga ce ko darni. Idan da saƙaƙƙiyar ciyawa ce, zana ce. Idan da ƙasa aka gina, katanga ce. Maƙwabtanmu Larabawa suna kiran makwancin dabbobi zariba, kuma mu ma mun ɗauka. A ƙauyukan Jazira da Sinnar yawancin zariba da ƙaya ake yin ta: a saro rassan dushe, wanda Larabawa suke kira ɗalha, ko na aduwa, a jera su zagaye. Ba ta cin kuɗi, kuma tana hana kura da ɓarawo.

Amma shingen ƙaya yana da alaƙa da wata cuta da ta yi yawa a wannan yanki fiye da yawancin wuraren duniya. A asibiti sunanta madura, mutanen ƙauye kuma suna ce mata “nabit”. Ƙwayarta tana cikin ƙasa, kuma masu bincike sun lura tana da yawa a ƙauyukan da ƙasa ta cakuɗe da kashin shanu da ƙaya. Ƙaya ce take buɗe mata ƙofa. Ta soki ƙafar da ba takalmi, mutum ya cire ya manta. Bayan watanni sai wani ɗan kumburi ya fito, mai tauri, ba ya zafi. Da yake ba ya zafi, ba wanda yake damuwa. A hankali ya girma, ya huhhuje, yana fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare ko ja. Idan aka bar shi shekaru sai ya ci nama ya kai ƙashi. A wannan mataki sau da yawa ba abin da ya rage sai yanke ƙafa.

Jami'ar Khartum ta buɗe cibiya ta musamman don wannan cuta a asibitin Soba a 1991, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, wanda ya zo da wuri yakan tsira da ƙafarsa. Maganin yana ɗaukar watanni da yawa, wani lokaci a haɗa da ƙaramin aiki. Ƙuna da tsaga da ɗaura ganye ba sa kashe ta, sai dai su ci lokacin da ya kamata a yi magani.

Saboda haka kada kowa ya shiga zariba ba takalmi, musamman yara masu kai dabbobi da kwaso su. A riƙa share ƙayar da ta karye ta zube a hanya. Idan da hali, a mayar da shingen cikin gida na ƙasa ko na kara, a bar na ƙaya can bayan gari. Duk kumburin da ya wuce wata guda a ƙafa ko a hannu, ko da ba ya zafi, a kawo a duba.

Ga waɗanda suke zaune wajen kogin Dindir da kogin Rahad da kudancin Sinnar akwai ƙarin gargaɗi. Dajin dushe da aduwa, a kan baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, shi ne gidan wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo da dare, wanda bai kai sauro girma ba. Shi yake kawo kala'azar. Ya fi yawa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, daidai lokacin da mutane suke kwana a waje saboda zafi. Samarin da suke kwana da dabbobi a bakin daji suna cikin haɗari. Alamar cutar ita ce zazzaɓin da ya wuce mako 2, da rama, da kumburin saifa. Idan ba a yi magani ba kusan kullum tana kisa. Idan an yi, yawanci ana warkewa. Maganin da aka saba bayarwa a nan allurai ne na kwana 17. Gidan sauro mai ƙananan ido wanda aka sa wa magani yana rage cizon.

Akurki

Akurki ɗakin kaji ne, na ƙasa ko na saƙar kara. Wanda aka yi da waya ana ce masa keji. A gidaje da yawa akurki na nan, amma kaji ba sa kwana a ciki. Suna kwana a ƙarƙashin gado ko a ɗakin girki, saboda tsoron muzuru da ɓarawo.

Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa, ko da kazar lafiyarta ƙalau. Yaro mai rarrafe duk abin da ya samu a ƙasa baki yake kai shi. Yaron da yake yawan gudawa ba ya girma yadda ya kamata, ko da ana ba shi abinci. Ki shimfiɗa wa yaro tabarma mai tsabta, ki share tsakar gida kafin ki ajiye shi, ki wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Kaji su kwana a akurkinsu, a gyara ƙofarsa ta yi ƙarfi, a riƙa kwashe kashin ana zuba toka.

Idan kaji suka fara mutuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka sauran a ci, kada yara su ɗauki matattun. Murar tsuntsaye ta taɓa shiga gonakin kaji a Khartum da Jazira a 2006, kuma tana iya kama mutum. A binne matattun, a sanar da malamin dabbobi.

Makwancin aladu

Hausa tana da sunaye ga wannan dabba: alade, da alhanzir wanda aka aro daga Larabci, da gursunu. Na daji mai haure shi ne gyado ko mugun dawa. Amma makwancinsa ba shi da wani suna nasa na kansa kamar yadda doki yake da barga, kaza take da akurki. Dalili a fili yake: Hausawa Musulmi ba sa kiwonsa, kuma mutane ba sa raɗa suna ga abin da ba sa amfani da shi. Idan buƙata ta taso sai a haɗa kalmomi. “Ɗakin aladu” shi ne ginannen wuri mai rufi da ƙofa. “Shingen aladu” ko “zaribar aladu” fili ne da aka kewaye, ba rufi. “Garken aladu” kuwa yana iya nufin dabbobin kansu, ko suna tsare ko suna yawo. 

Kana iya cewa wannan sashe bai shafe ka ba. Ya shafe ka, in kana fatauci ko aikin gona a kudancin Shuɗin Nilu. A duwatsun Ingasana da wasu ƙauyuka na wajen Kurmuk akwai maƙwabtanmu da suke kiwon aladu tun kakanni. Muna haɗuwa da su a kasuwa, muna shan ruwan rijiya ɗaya, wani lokaci muna cin abinci a rumfa ɗaya. Bambancin da ke tsakanin alade na ɗaki da alade mai yawo bambanci ne da ya shafi lafiyar kowa da ke wurin.

Ga yadda abin yake. Akwai tsila iri biyu da mutum yake samu daga nama: ta shanu da ta alade. Dukansu hanyarsu ɗaya ce. Mai tsila a ciki ya yi bayan gida a fili. Dabba ta ci ƙwan da ke ciki. Ƙwan ya zama 'yan ƙulli farare kamar ƙwayar shinkafa a cikin naman dabbar. Wani ya ci naman bai dahu sosai ba, sai tsila ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kai mita da yawa.

Tsilar shanu ita ce tamu, kuma tana zuwa ta tsire da balangu da ba su gasu ba, da ɗanyen nama. Sau da yawa mutum yakan ga guntayenta farare a bayan gida ko a wando. Tana da magani mai sauƙi.

Tsilar alade tana da wani sharri da ta shanu ba ta da shi. Ƙwanta yana iya kama mutum kai tsaye. Idan mai ɗauke da ita bai wanke hannu ba ya taɓa abinci, ko bayan gidansa ya shiga ruwan sha ko lambun ganye, wanda ya haɗiye ƙwan zai samu waɗannan 'yan ƙulli a jikinsa, har cikin ƙwaƙwalwa. Daga nan sai ciwon kai mai tsanani da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wurare da yawa da cutar ta yi katutu, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadinsu. Ka lura da kyau: wannan ba ya buƙatar ka taɓa cin naman alade. A birnin New York na Amurka, a farkon shekarun 1990, an samu cutar a gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, waɗanda su ma ba sa cin alade. Bincike ya nuna ta hannun masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da cutar take ta shiga.

Abu biyu za mu koya a nan. Na ɗaya, babban mutum da farfaɗiya ta fara kama shi da girmansa, a kawo shi asibiti. Kada a ce iska ce a tsaya nan, kada kuma a zarge shi da cin abin da bai ci ba. Na biyu, abin da yake yanke hanyar tsila iri biyun duka shi ne masai. Inda kowa yake shiga masai, saniya da alade ba za su samu ƙwan ba. Inda aladu suke tsare a ɗakinsu, ba sa kaiwa ga ƙazantar mutane. Idan kana zaune a garin da ake kiwonsu, wannan magana ce da za a yi da maƙwabta cikin mutunci, a gaban shugabannin gari, domin amfanin na kowa ne: su tsare dabbobinsu, kowa ya haƙa masai, a kewaye rijiya.

Kare da kayan ciki

Kusan kowane garke da karensa. Idan an yanka rago ko raƙumi aka ga wasu ƙulli masu ruwa a hanta ko huhu, al'ada ita ce a yanke wurin a jefa wa kare. Wannan kuskure ne mai tsada. Karen da ya ci yakan samu wata ƙaramar tsila, ƙwanta ya fita cikin kashinsa ya manne a gashinsa. Yaron da ya shafa karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, irin wannan ƙulli zai iya girma a hantarsa ko huhunsa a hankali cikin shekaru, har sai an yi masa aiki. Ana yawan ganin waɗannan ƙulli a raƙuman da ake yankawa a Tambul. Duk kayan cikin da ka ga ƙulli a jikinsu, a ƙone ko a binne da zurfi.

Haka kuma kaska. Kada ka cire ta daga jikin saniya ka murtsuke da yatsa, domin jininta yana iya ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. Ka jefa ta cikin wuta ko kananzir.

Inda ya kamata makwanci ya kasance

Idan za ka kafa turke ko ka yi sabon shinge, ka duba abu huɗu.

1. Rijiya. Makwancin dabbobi da ramin taki da masai su yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, wato taku 40 na babban mutum ko fiye.

2. Gangare. Ka duba inda ruwa yake bi da damina. Makwanci ya kasance a ƙasa da rijiya da ɗakuna, don kada ruwan sama ya kwaso ƙazanta ya kawo muku. Baƙar ƙasar Jazira ba ta shan ruwa da sauri, saboda haka ka ɗaga ƙasan makwancin kaɗan, ka yi masa hanyar ruwa.

3. Tur'a. Kada a kafa zariba a bakin tur'a ko abu-ishirin inda mutane suke ɗiban ruwa. A ɗebo wa dabbobi ruwa a komi, ko a ware musu mashaya a ƙasa da inda ake ɗiba.

4. Ɗakin kwana da murhu. Ko gida ƙarami ne, a raba shi da 'yar katanga ko danga, dabbobi gefe guda, yara da abinci gefe guda. Hayaƙin kashin shanu da ake turarawa don korar sauro ya tsaya a wajen dabbobi, domin yana cutar da ƙirjin yara.

Ba kowa ne yake da halin yin duka a lokaci ɗaya ba. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi: shara kowace safiya, tafasa nono, takalmi, da wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba. Da kaka, idan kara ya samu, sai a yi dangar.

Idan ka zo asibiti

Ka faɗi waɗannan ko ba a tambaye ka ba: irin dabbobin da kuke da su, ko na garke ne ko na turke, inda suke kwana, ko an yi ɓari ko mutuwa a cikinsu kwanan nan, ko mara lafiyan ya yi yanka ko fiɗa, da ko ana shan ɗanyen nono a gidan. Idan ma'aikacin ba ya jin Hausa, kada ka tsaya a kan “zariba” kawai. Ka bayyana masa ko ta ƙaya ce, ko a cikin gida take, da nisanta da rijiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin garke da turke? Wanne ne ya fi kusa da inda yaranku suke wasa?

2. Tumaki uku sun yi ɓari a mako ɗaya bayan ruwa mai yawa, ta huɗu ta kwanta. Me za ka yi, me kuma ba za ka yi ba?

3. Yaro yana da kumburi a ƙafa wata uku, ba ya masa zafi. Don me bai kamata a jira ba?

4. Ta yaya wanda bai taɓa cin naman alade ba zai iya samun ƙullin tsilarsa a ƙwaƙwalwa?

5. Ku auna da taku daga rijiyar unguwarku zuwa makwancin dabbobi mafi kusa. Taku nawa ne? Idan bai kai 40 ba, da wa za ku yi magana?

Ka karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan darasi, musamman mata masu tatsa da yara masu kiwo, domin su ne suka fi kowa shiga wurin dabbobi. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.